An Sayar da Ma'u da Ƙwaryar Nono

Ranar da Mainasara ya je gaishe da Bappa Bube a kan maganar neman auren 'yarsa Asta, tsohon bai kalli fuskarsa ba ko sau ɗaya. Ƙafafunsa ya kalla, masu lanƙwasa kamar baka.

Ba baƙin juna ba ne. Duk shekara idan an gama girbi, a gonar Mainasara ta bayan Kwargaba Bube ke sauke shanunsa, su ci kara su bar taki, sai damina ta matso su tashi. A nan Mainasara ya ga Asta tana tatsa, a nan ya rasa hankalinsa, har ya kai idan an tambaye shi kuɗin albasa sai ya ba da amsar wata magana daban.

Bube ya ce ya je gindin gawo ya ɗauko masa sandarsa. Mainasara ya tafi da sauri, ya duba ko'ina bai ga sanda ba, ya dawo ya tarar da ita a hannun mai ita. Tafiyarsa kawai ake son gani.

"Ladabi kana da shi, albasa kana da ita," in ji Bube. "Amma ƙahwakka baka ta. Kuma na ji ɗiyakka ta shekara uku ba ta tashi ba, tata ta hi taka lanƙwasa. Wanga abu jini na. Bijimi mai irin ƙahwag ga, ko kyauta anka ba ni ban sa shi cikin garke."

Ya ƙara da cewa shi ba ya yi wa 'ya dole, amma ga Gajere ɗan ƙanensa nan, in Asta na da ido. Gajere na tsaye a gefe. Sunan kawai ya ci, don duk rugar babu mai tsawonsa, kuma da ya ji ana maganar ƙafa sai ya ɗan ɗage wando yana duban sama.

Mainasara ya koma gida da ƙyar. Bai taɓa jin nauyin ƙafafunsa ba sai ranar.

Washegari suka haɗu a hanyar rijiya, ita da ƙwaryar nono a ka, shi da idanu jajaye. Asta ta sauke ƙwaryar ta zauna ta yi kuka, shi ma ya taya ta, har wani jaki da ke kiwo kusa ya matsa gaba. Ya ce mata zai sha ruwan albasa har ya mutu. Ta ce albasa ba ta kisa, ya nemi wata maganar.

Da kukan ya lafa ta share ido da gefen zane.

"Baban Ma'u, mi yarinyag ga taka ci?"

Ya ce koko da safe, kunun gero da rana, ɗan tuwo da dare.

"Nono hwa?"

Ya ce Inna ba ta yarda.

"Tana hita waje?"

Nan ya sunkuyar da kai. Ma'u ba ta taɓa ganin ƙofar gidansu ba.

Ba don mugunta ba ne, kada a zalunci Inna Laraba, uwar Mainasara. 'Ya'yan da ta haifa duk sun koma, Mainasara kaɗai ya tsaya, shi ma a ɗaki ta ɓoye shi sai da ya yi wayo ya riƙa tsallake danga. Da ya yi aure yayyen Ma'u biyu suka tafi, uwarsu ta bi su. Tun daga nan Inna Laraba ta yanke cewa akwai abin da ke bin 'ya'yan gidan, kuma da ido yake gane su. Ta ɗauki jikar ta kai ƙuryar ɗakinta wanda ko taga babu, ta saki asabari, ta rataya mata layu har wuyan yarinya na rinjaya. Idan maƙwabta suka tambaya sai ta ce ai wata mummuna ce, ba abin gani ba.

Asta ta juya ludayi. Ta ce ita dai ba ta san jini ba, amma ta san maraƙi. Wanda aka tatse uwarsa ƙaf aka ɗaure shi a bukka, ƙafarsa lanƙwashewa take yi, in an sake shi ya sha nono ya bi rana sai ya dawo daidai. Ta ce ya je Wurno ya tambayi masu magani, kada su yi ta kuka a kan abin da ke da gyara.

Ranar kasuwa Mainasara ya sauke albasarsa ya wuce disfensare wurin Malam Zayyanu, malamin asibiti, mutum mai tabarau da son bayani. Malamin ya saurara, ya tambayi ko wuyan hannun yarinyar ya yi kauri, Mainasara ya ce ƙwarai. Ya ce to ciwon sananne ne. Cikin nono akwai abin da Nasara ke kira kalshiyam, da shi ake gina ƙashi. Amma jiki ba ya iya kama shi sai rana ta taɓa fata, ita ke sa jiki ya yi wani abu wai shi bitamin D. Ya ce kamar tubali ne, ko ka kwaɓa ƙasa mai kyau, in bai sha rana ba ka ɗora masa nauyi sai ya lotsa. Tunda yarinyar ƙarama ce ƙashin bai daskare ba, akwai dama. Ya ba shi kwalbar man kifi, ya ce ƙaramin cokali kullum, ga nono, ga hantsi.

Mainasara ya ɗan nuna tasa ƙafar ya tambaya a hankali. Malam Zayyanu ya leƙa ta saman tabarau ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Inna Laraba ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta tofar, ta ce wannan ko akuya ba a yi wa haka. Maganar nono kuwa ta ce ta san inda aka dosa: 'yar Fulanin nan ta gama da ɗan da abin da ta sa masa cikin fura, yanzu jikar take nema. Da ya ambaci rana sai ta fashe da kuka ta ce ya fito fili ya ce ya gaji da yarinyar. Mainasara ya fita da kwalbarsa a aljihu.

Da ya ba Asta labari ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta ce ya bar ta da Inna.

Mai nono ba a hana ta shiga gida. Asta ta yi sallama ta durƙusa ta gaida Inna Laraba, tsohuwar ta amsa da hanci. Asta ba ta yi tallar komai ba. Ta kalli asabarin ɗakin ta yi ajiyar zuciya, ta ce ita abin da ke ba ta mamaki, gida babba irin wannan, a ce an san abu na bin yara amma ba a sayar da yarinyar ba.

Inna Laraba ta ajiye tsintsiya.

Ta san al'adar sarai. Idan 'ya'yan gida ba sa tsayawa, akan ɗauki jariri a sayar wa wani bare da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ciniki na baka, don abin da ke farauta ya zo ya tarar ba ɗan gidan ba ne ya wuce. Ita kanta da allura aka sayar da ita ga wani maƙeri a Rabah, ga ta yau haƙora sun zube tana nan daram. Ta ce ta sha tunanin haka, amma wa zai sayi gurguwa?

"Mu muna so, Inna," in ji Asta. "Wa za ya nemi ɗiyam manoma cikin shanu?"

Aka yi ciniki da ƙwaryar nono guda. Inna Laraba ta kafa sharaɗi: kada wanda ya kuskura ya furta cewa cinikin ƙarya ne, don abin yana da kunne, har ta sa ɗanta ya rantse a kan haka. Asta ta kafa nata: tunda an saya, sai yarinya ta zauna a ruga ta yi zaman 'ya'yan Fulani, abin da suke sha ta sha, inda suke zama ta zauna, in ba haka ba ai za a gane. Kuma Inna kada ta zo, kada abin ya biyo sawunta.

Inna Laraba ta yi kuka kamar ranta zai fita lokacin da ta ɗora Ma'u a bayan Asta. Ta lulluɓe ta da zane biyu. Nonon kuwa ta zubar a bayan ɗaki, wai ba za a kama ta da shi ba.

Mutum ɗaya aka manta ba a shawarta ba, wato mai sayen.

Bube ya dawo daga kiwo ya tarar da wata 'yar fara fat a kan tabarmarsa, tana ƙifta ido kamar wadda aka fito da ita daga rijiya. Ya tambayi ta waye. Asta ta ce tasa ce, shi ya saya. Ya ce yaushe. Ta ce da hantsi. Da ya ji farashi sai ya riƙe baki, da ya ga ƙafafun kuma ya zauna. Ya yi ta faɗa da Fillanci har shanu suka daina tuƙa: shi da ya ƙi ƙafar baka a suruki, yau an kawo masa ita har tabarma. Amma shi ma ya san al'adar, ya san wanda ya mayar da irin wannan ciniki in wani abu ya faru shi za a nuna. Ya ce a kawar masa da ita daga gabansa.

Ma'u ta miƙa hannu ta kama gemunsa.

Kwanakin farko da wuya. Rana na sa ta kuka, nono na sa ta yatsina fuska, man kifi kuwa sai an riƙe hanci. Asta ta cire mata layun ta bar guda, takan zaunar da ita da hantsi kusa da turken maruƙa daga ita sai ɗan zane a gindi, ta dama mata fura da kindirmo mai yawa. Mainasara kullum yana gonar, wai ya zo duba taki. Bube ya ce shekarunsa nawa yana sauka a gonaki bai taɓa ganin mai son kashin shanu kamar wannan yaro ba.

Shi Buben da ya ce a kawar da ita, ba a daɗe ba aka ji yana faɗa wai wa ya ba yarinya nonon jiya. Ya ware Saye, saniyar da ta fi kowace maiƙo, ya ce nononta ba na talla ba ne. Kowace safiya kafin ya kora garke sai ya durƙusa ya lallatsa ƙaurin Ma'u da yatsa yadda yake yi wa maraƙin da ya karye, ya yi gyaran murya, ya tafi. Ta fara tsayawa tana riƙe da sandarsa. Ta yi baƙi, ta yi kumatu, ta koyi kiran shanu, ta koyi zagin Gajere da Fillanci, kuma kowa ya san ba Asta ce ta koya mata ba.

Gajere ya ga aure na zille masa yana kallo. Da farko wurin liman ya je, ya ce tunda 'yar Mainasara ta sha nonon gidansu Asta, ai an zama 'yan'uwan shayarwa, aure ya haramta. Liman ya tambayi nonon wa ta sha. Ya ce na Saye. Liman ya ce to in haka ne duk mutanen ƙasar Wurno wa da ƙane ne, shi kansa sai ya je ya rabu da iyalinsa. Gajere ya fito ana dariya.

Sai ya tuna da Nasara.

Zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas, Fulani na shirin tashi, sai ga mai gari da liman da jama'a sun nufo ruga da hantsi. Gajere ya kai ƙara cewa bappansa ya sayi baiwa, da shaidu, abin da Nasara suka hana tun zuwansu. Mai gari ya san gaskiyar magana kamar yadda kowa ya sani, amma an faɗa a gaban mutane, in ya yi shiru ta kai kunnen Di'o, Baturen mulki, rawaninsa ne a ciki. Ya ce abin mai sauƙi ne, a kira wadda ta sayar. In ta ce wasa ne, kowa ya kama gabansa. In ta ce gaskiya ne, Bube sai gaban alƙali.

Aka tambayi Bube, ya ce shi dai ya saya. Aka tambayi Asta, ta kalli ƙasa. Mainasara ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna rantsuwar da uwarsa ta sa shi, ya mayar.

Inna Laraba ta iso lulluɓe, tana tafe tana karanta duk addu'ar da ta sani. Mai gari ya yi mata tambayar. Ta tsaya tana aunawa. In ta ce ƙarya ne, abin da ya ɗauke mata kowa zai ji, ya san inda Ma'u take. In ta ce gaskiya ne, za a ɗaure dattijon da bai yi mata komai ba sai alheri. Gajere kansa da ya ga halin da ya jefa ta sai ya sauke ƙafar wandon da ya saba ɗagewa ya koma bayan mutane.

"Ranka shi daɗe," in ji ta, "ni…"

Sai wani maraƙi ya ɓalle daga turke ya ratso tsakiyar taron, igiyarsa na jan ƙasa. Bayansa wata 'yar baƙa ce mai ƙura har gira, tana gudu tana tangaɗi, da ɗan kara a hannu, tana yi masa tsawa. Ta taka igiyar ta faɗi, ta tashi da kanta, ta ci gaba.

Inna Laraba ta bi ta da kallo ta ce ɗiyar wa ce wannan marar kunya. Ta sake dubawa, ta ga layar da ta ɗinka da hannunta.

Ƙafafun ba su miƙe sarai ba, har yanzu akwai ɗan lanƙwasa. Amma suna ɗauke da mai su.

Tsohuwar ta zauna a ƙasa daɓas, cikin takin da ɗanta ya yi rani yana dubawa. Ta kira sunan yarinyar a fili, da ƙarfi, abin da ba ta taɓa yi ba a waje tun haihuwarta. Ma'u ta waigo, ta saki maraƙi ta taho da gudu ta faɗa jikinta. Inna Laraba ta riƙe ta tana shafa ƙaurin nan tana kuka, matan ruga suka taya ta, Mainasara ya juya baya yana duban gawo.

"Ƙarya ta," in ji Inna Laraba. "Ban saida kowa ba. Jikata ta, ɗiyam Mainasara ta, duk mai kunne shi ji."

Mai gari ya ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare, a mayar wa tsohuwa jikarta.

"A'a," in ji Bube.

Kowa ya juyo.

"Ita tac ce ƙarya ta. Ni nono na gaskiya nib bayas. Abin da nis saya nau na, ban maida ciniki."

Mai gari ya dafe kai. Liman ya fara gyaran murya. Inna Laraba ta ƙara ƙanƙame yarinyar tana duban Bube kamar za ta cije shi, Asta kuwa ta ce "Bappa" a hankali, hawaye na zuba. Bube ya bar su sai da hankalin kowa ya tashi, yana tsefe gemu, don mutum ne mai son a jira shi.

"Amma ɗiyata za ta ɗakin miji," in ji shi, "kuma mu ba mu kai amarya hannu wohi. Na ba ta Saye da maraƙinta. Na ba ta Ma'u. Inda tat tahi, can za su. Sai dai in na zaka da kaka nit tarad da asabari a sake, in kwashe abina duka."

Mai gari ya tambayi wane mijin, don a sani.

Bube ya nuna da sanda, yana kallon inda ya saba kallo.

"Wancan mai ƙahwag ga. Na ɗauka jini na, ashe ɗaki na."

Asta ta rufe fuska ta ruga bukka. Mata suka yi guɗa. Gajere aka neme shi aka rasa, daga baya aka ce an ga dogon mutum ya nufi hanyar Goronyo yana sauri.

Bube ya sa aka kawo ƙwarya cike da nonon Saye, ya miƙa wa Mainasara, ya ce tasa ƙafar ta riga ta bushe amma ya sha ko don zuciya. Mainasara ya karɓa da hannu biyu ya tsaya kamar an dasa shi. Yaya mutum zai sha abu a gaban suruki, surukin ma Bafillace, ga jama'a? Ya kalli ƙwarya, ya kalli ƙasa, gumi na keto masa.

Inna Laraba ta miƙe da Ma'u a kafaɗa. Ta zo ta karɓi ƙwaryar, ta shinshina don hali ba ya barin mai shi, sannan ta ɗaga ta zuwa bakin ɗanta.

"Sha," in ji ta. "Tun kana kamat ta ya kamata in ba ka."

Bube ya juya yana ƙirga shanun da ya riga ya sani. Mainasara ya sunkuya ya sha a hannun uwarsa, bai ɗago ba sai da ƙwaryar ta ƙare.